Ajiyar Kuɗi A Bankunan Ƙasashen Waje: Me Shari'a Ta Ce?

  

 A wannan mako filin namu zai tsaya ne a kan wata tambaya da ta soma yawaita a bakin mutanenmu na Birnin Kudu da Gwaram, musamman masu fataucin riɗi da zoɓorodo, da iyayen da 'ya'yansu ke karatu a Masar ko Indiya. Tambayar ita ce, shin ya halatta mutum yana zaune a garinsu, bai ƙaura ba, ya buɗe asusu a wani banki na Dubai ko Landan ko Santambul ya riƙa ajiya a can?

Dalilin tambayar ba ɓoyayye ba ne. A shekarar 1980 dalar Amurka ɗaya ba ta wuce kimanin kwabo 55 ba. A watan Yuni na 2023 Babban Bankin Nijeriya ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi, kafin ƙarshen Fabrairu na 2024 dala ɗaya ta haura naira 1,500. Wanda ya sayar da amfanin gona ya kulle kuɗinsa a akwati, sai ya wayi gari jarinsa ya zagwanye yana kallo.

To, asalin al'amarin halal ne. Kare dukiya yana daga cikin abubuwa biyar da Shari'a ta zo domin tsare su, watau addini da rai da hankali da nasaba da dukiya, kuma babu nassin da ya ɗaure dukiyar Musulmi da ƙasar haihuwarsa. Kakanninmu fatake masu zuwa Gwanja sayen goro sukan bar kaya da kuɗi a hannun fatoma a Salaga har wata shekara, malaman zamaninsu kuwa ba su hana ba. Amma halaccin asali ba ya wanke abin da aka cuɗa shi da shi, nan ne kuwa maganar take.

Babban abin tsoro shi ne riba, wadda muke kira kuɗin ruwa. Kuɗin da ka zuba a banki, ko da ana ce masa ajiya, a hukuncin fiƙihu rance ne, domin banki yana juya shi, yana kuma lamunce maka biyansa. Haka Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta tabbatar a zamanta na Abu Dabi a 1995, bayan tun a 1985 a Jidda ta yanke cewa ruwan da bankuna ke bayarwa ko karɓa shi ne ainihin ribar da aka haramta. Duk ƙarin da aka sharɗanta a kan rance riba ne, komai ƙanƙantarsa. Wanda ya duba Suratul Baƙara daga aya ta 275 zuwa ta 279 zai ga irin kashedin da aka yi, har da shelar yaƙi ga wanda ya ƙi bari.

Sai ka ji wani mai ɗan karatu ya ce ai Imamu Abu Hanifa ya halatta karɓar riba a ƙasar waɗanda ba Musulmi ba. Gaskiya ne an ruwaito wannan daga gare shi da almajirinsa Muhammadu Shaibani, amma a kan Musulmin da ya shiga ƙasar da ke gaba da Musulunci, ya yi hulɗa da mutanenta. Babban almajirinsa Abu Yusufa bai bi shi a kai ba, Imamu Malik da Shafi'i da Ahmad kuwa duk sun tafi a kan haramun haramun ne ko a ina mutum yake. Mu Malikawa ne. Abin mamaki, wanda bai taɓa buɗe littafin Hanafiyya ko a babin alwala ba, ranar da ya hango riba sai ya zama Bahanafe! Ban da wannan ma, Dubai da Santambul garuruwan Musulmi ne, Ingila kuwa akwai alkawarin zaman lafiya tsakaninta da mu.

Hujjar lalura ita ma ta yi rauni, domin bankunan da ba sa hulɗa da ruwa sun samu. An kafa Dubai Islamic Bank tun 1975. A Ingila akwai Al Rayan, wanda aka kafa a 2004 da sunan Islamic Bank of Britain. A nan gida Jaiz ya fara aiki a Janairun 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021, dokar ƙasa kuma ta yarda mutum ya buɗe asusun dala ko fam a bankin cikin gida. Wanda bukatar cinikinsa ta tilasta masa bankin ruwa, sai ya tsaya a asusun shige da fice wanda ba a ƙara masa komai. In kuwa ruwa ya riga ya shiga, kada ya ci, kada ya ciyar da iyali, kada ya lissafa shi a zakka. Ya fitar da shi ga maslahar jama'a ba da niyyar neman lada ba, kamar gyaran rijiyar unguwa, ko sayen magani ga majinyatan da ke kwance a asibitin tarayya na Birnin Kudu waɗanda ba su da hali.

Sannan akwai maganar gaskiya wajen cika takardu. Bankunan waje ba sa buɗe wa baƙo asusu sai ya nuna fasfo da shaidar inda yake zaune da bayanin inda ya samo kuɗin, wasu kuma sai ya ajiye wani adadi mai tsoka wanda ba zai taɓa ba. Da yawa sai su ari adireshin wani ɗan'uwa da ke can su ce nan suke zaune. Wannan ƙarya ce da sa hannu a ƙarƙashinta, ranar da asiri ya tonu kuma rufe asusun za a yi, a jawo wa mai adireshin fitina. Mafi muni shi ne ɗalibin da zai ba da aron asusunsa ga wanda bai san sana'arsa ba don ɗan lada. In kuɗin zamba ne, shi za a kama, kuma ya yi tarayya a zunubin.

Ga masu riƙe da muƙaman gwamnati hukuncin dabam ne. Tsarin Mulkin 1999, a Jadawali na Biyar, ya hana Shugaban Ƙasa da gwamnoni da mataimakansu da ministoci da kwamishinoni da 'yan majalisun tarayya da na jihohi riƙe asusu a kowane banki a wajen Nijeriya. Sun ɗora hannu a kan Alƙur'ani sun yi rantsuwar bin wannan doka, saboda haka saɓa mata warware alkawari ne. Mun kuwa ga abin da ya sa aka kafa ta. A Disambar 2017 aka ƙulla yarjejeniyar dawo da dala miliyan 321 daga Suwizalan, cikin kuɗaɗen da aka danganta da marigayi Janar Sani Abacha, a 2020 kuma aka dawo da fiye da dala miliyan 300 daga tsibirin Jasi, aka ware wani kaso don aikin hanyar Abuja zuwa Kano.

Kada kuma wani ya zaci ƙetare tudun mun tsira ne. A Yulin 1991 hukumomin Ingila da na wasu ƙasashe suka rufe bankin BCCI, masu ajiya, da yawansu Musulmi, suka shekara da shekaru suna jiran haƙƙinsu. Bankunan Labanan sun ƙuntata wa mutane cire dalolinsu tun 2019. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya rufe bankunan Hartum, ɗalibanmu suka fito da ƙyar.

Yanzu sai zakka, wadda a ganina ita aka fi yi wa sakaci. Nisan kuɗi daga idon mai shi ba ya sauke farilla. Muddin kana iya cirewa duk lokacin da ka so, hukuncinsa ɗaya ne da na aljihunka. Za ka haɗa naira da dala da dirhami wuri ɗaya, in sun kai ƙimar dinari 20 na zinariya, watau kimanin giram 85, shekara kuma ta zagayo, sai ka fitar da ɗaya bisa arba'in. Ina za a raba ta? A mazhabarmu zakkar hatsi da dabbobi ana raba ta inda suke, amma zakkar kuɗi tana bin wurin da mai dukiyar yake, ba a kai ta nesa sai in can sun fi bukata. Ashe ke nan attajirin da ke zaune a Sara ko Babaldu, ko da kuɗinsa na kwance a Dubai, matalautan garinsu ne suka fi cancanta da ita. Ya raba da hannunsa, ko ya miƙa wa kwamitin zakka na masarautar Dutse. In zai canza kuɗin a Wapa ko a wani wuri, ya tuna canji hannu da hannu ne. Shigar kuɗi asusu nan take malamai sun ɗauke shi a matsayin karɓa, amma a ba da naira yau a karɓi dala mako mai zuwa bai halatta ba.

Saura gado. Mutanenmu suna da ɗabi'ar ɓoye dukiya har ga matansu da 'ya'yansu, mutuwa kuwa ba ta sallama. Mutum ya rasu, alƙali ya raba gida da gona da shanu, alhali kuwa mafi yawan dukiyar tana wani banki da babu wanda ya san sunansa, marayu na nan suna neman kuɗin makaranta. Ko da an sani ma, banki zai rufe asusun har sai an kawo takardar kotu da ya yarda da ita. A Ingila kuma, asusun haɗin gwiwa na mutum biyu, in ɗaya ya rasu yawanci na rayen ne ke mallakar abin da ke ciki, don haka wanda ya sa sunan babban ɗansa ko amaryarsa domin sauƙin cire kuɗi, yana iya hana sauran magada rabon da Allah ya yanka musu a Suratun Nisa'i bai sani ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, mun kuwa riga mun ce kuɗin banki rance ne. Saboda haka mai irin wannan asusu ya rubuta sunan bankin da garin da lambar asusun, ya bayyana ko akwai jarin wasu a ciki, ya kafa shaidu biyu adilai, ya ajiye takardar a hannun amintacce. In asusun na haɗin gwiwa ne, a rubuta nawa ne nasa, nawa ne na abokin haɗin, shi ma abokin ya sa hannu.