Dariya a Gaban Zubar da Jini

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, akwai finafinan Turawa waɗanda labarinsu kaf shi ne wani mugu yana bin samari da ƴanmata yana yanka su ɗaya bayan ɗaya. Daga cikinsu akwai The Burning, wanda aka yi a Amurka a 1981, inda makamin mai kisan almakashin lambu ne. Bai yi kasuwa ba sa'ad da ya fito, har Ingila ta hana kaset ɗinsa, amma yau yana da masoya masu yabon gwanintar nuna jini a cikinsa.

Irinsu sun iso mu, dā ta gidajen bidiyo, yau ta salular yara, daga Maraɗi har Tibiri da Jiratawa. Ku saurari masu kallo: wuƙa na sauka, sai tafi da shewa. Wanda ya runtse ido kuwa, a kira shi matsoraci.

Za su ce ai wasa ne, jinin na ƙarya ne. Haka ne, amma dariyar ta gaske ce, kuma daga zuciya ta fito. Aya ta 32 ta Suratul Ma'ida ta daidaita kashe rai guda bisa zalunci da kashe mutane baki ɗaya. Ta yaya mumini zai mai da siffar wannan laifi abin nishaɗi? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Iyaye, ku duba abin da ƴaƴanku ke kallo. Yaron da ya kau da kai, ku yaba masa, domin tausayi ne Allah Ya sa a zuciyarsa.

Allah Ya tausasa zukatanmu, Ya shiryi zuriyarmu. Amin.