Jinin Sarauta a Gindin Murhu

Kafin yaƙin da ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu, 2023, nakan je Mantiƙa Sinaiya wajen wani ɗan'uwana mai walda. A bakin garejinsu akwai wata dattijuwa mai sayar da shayi da gahawa, da murhun gawayinta da 'yan kujerun tsugunno. Da Larabci take ciniki, amma ranar da ta ji na yi Hausa sai ta ɗago kai ta ce, "Ɗana, daga wane gari?" Daga baya na ji cewa kakanninta na cikin ayarin da ya bar Sakkwato a 1903 bayan Turawa sun ci garin, wanda aka tare a Burmi aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ragowar kuma suka bi ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har bakin kogin Nilu, inda garin Mai Wurno yake yau. A cewarta, kakarta ba ta taɓa taka kasuwa ba sai bayan hijira.

Abin da na fara ji a raina shi ne tausayi: jinin manya na wanke kofunan kanikawa! Wannan tausayin ne nake tuhuma yau. Me ya sa ban ji irinsa ga matar da ke gefenta tana suyar gyaɗa ba, alhali rana ɗaya ke dukansu?

Amsar da na samu ba ta yi mini daɗi ba. Mun taso muna auna darajar mace da irin aikin da ba ta yi. Matar gidan sarauta ba ta noma, ba ta itace, ba ta zuwa rafi, domin akwai kuyangi da bayi masu yi. Wato hutunta a kan wuyan wata macen yake. Waɗanda suka yi nazarin ƙasar Zazzau a zamanin da Mary Smith ta rubuta labarin Baba ta Karo, wanda ya fito a 1954, sun lura cewa da bauta ta ƙare, mata da yawa sun janye daga gona sun shiga kulle, saboda noman mace tambarin bauta ne. Kulle ya zama shaidar 'yanci. Abin da dariya, abin da ban tausayi.

Faransawan da ma haka suke. Kafin juyin juya halin 1789, mai jinin sarauta da ya kama ƙaramin ciniki ko aikin hannu yana iya rasa matsayinsa a gaban doka. 'Ya mace kuwa, iyayenta ne ke biyan dukiya mai nauyi kafin a aure ta, don haka gidaje da dama sukan aurar da ɗaya su tura saura gidan zuhudu don kada dukiya ta tarwatse. Tana sanye da alharini, amma ba ita ke zaɓen inda rayuwarta za ta dosa ba. Da guguwa ta taso aka fille kan Sarauniya Marie Antoinette a 1793, sai ga matan fada a Landan suna ɗinki da haɗa huluna don su ci abinci. Ɗaya daga cikinsu, Madame de La Tour du Pin, ta tsere Amurka a 1794, ta kama gona kusa da Albany tana kaɗa man shanu tana sayarwa, kuma ta tuna shekarun da alheri a littafin tarihin rayuwarta. Sai dai kada mu yi saurin tafa mata: bayi ta saya suka taya ta aikin, ko da yake ta 'yanta su kafin ta koma gida.

Wani zai ce ai asali ba banza ba ne, kuma ban musa ba. Nana Asma'u 'yar Shehu ta samu ilimi saboda gidan da ta fito, amma ba ta kulle shi a ɗaki ba. Ta tura jajis ƙauyuka suna karantar da mata ta hanyar 'yan taru. A ganina gatan da ya gangara ƙasa irin wannan ne kawai ke iya kare kansa. Wanda ya tsaya a "ba na fita, ba na taɓa toka" ƙafa ɗaya ce ta hijira ke rushe shi.

Na taɓa tambayar dattijuwar, "Gwaggo, ba kya jin nauyi a gan ki a nan?" Ta ci gaba da fifita wuta, ta ce abin da take jin nauyinsa shi ne roƙo, da ranar da 'yan kamen masu talla suka kwashe mata kujeru ta tsaya tana ba yaro sa'an jikanta haƙuri. Da tukunyar nan, in ji ta, ta kai 'ya'ya mata biyu jami'a. Amma da na ce ko za ta ba ɗanta 'yar mai gyaɗar nan da suke raba gawayi tare, sai ta yi murmushi ta ce, "Ɗana, kowa ai ya san gidansu."

Tun da aka fara yaƙi ban ji ɗuriyar ko ɗaya daga cikinsu ba. Ɗan'uwana ya ce rana guda suka bar unguwar, a bayan mota ɗaya.