Tsakanin Aikawa da Isarwa: Alhakin Saƙon da Ya Maƙale a Hanya

Wasiƙar imel ba ta tashi kai-tsaye daga hannun mai rubutu zuwa idon mai karatu, domin manhajar da ke kan kwamfuta, irin su Thunderbird da Outlook, sai ta fara ƙulla zance da wata babbar kwamfuta ta nesa da ake kira sabar, wadda aikinta shi ne karɓar wasiƙu da adana su da miƙa su gaba. Idan wannan zance ya yanke kafin a kammala shi, manhajar takan fito da gargaɗi cewa sabar ta katse hulɗa, wasiƙar kuma ta yi zaune a akwatin masu jiran fita, alhali marubucinta ya riga ya danna maɓallin aikawa, ya rufe kwamfuta, ya tafi masallaci da zaton ya sauke nauyi. A nan ne wata tambaya da ta girmi intanet da ɗaruruwan shekaru take tasowa, wato a wane lokaci ne saƙo yake fita daga wuyan wanda ya aika shi.

Tambayar tana da nauyi a wuri irin Watari, yankin madatsar ruwa da noman rani a ƙaramar hukumar Bagwai ta jihar Kano, inda sakataren ƙungiyar manoma ko malamin makaranta ko ma'aikacin asibitin karkara yake da takardun da ake jira a Kano cikin wa'adi. Mai irin wannan aiki yakan jona kwamfutarsa da wayar salula, ya ɗora wayar a kan taga ko katanga inda sabis ya fi kamawa, ido ɗaya a kan batirin da ke ƙarewa, ɗayan kuma a kan layin da ke nuna tafiyar saƙo, wanda yakan kai rabi ya tsaya cik. Maƙwabcinsa manomin rani ya daɗe da sanin irin wannan hali, domin ya san cewa buɗe ƙofar ruwa a dam ba shi ne shan ruwan albasa da tumatir ba, kuma idan ruwa bai iso gona ba yakan ɗauki fartanya ya bi magudana taki-taki har ya gano inda ta fashe ko inda ciyawa ta toshe ta.

Waɗanda suka tsara ƙa'idar aika imel sun fuskanci wannan tambaya gaba da gaba. Ƙa'idar, wadda ake kira SMTP kuma Jon Postel ya wallafa ta a Amurka a shekarar 1982, ta shimfiɗa aikawa a matsayin musayar magana tsakanin ɓangarori biyu, inda manhaja take gabatar da kanta, ta ambaci mai aikawa da wanda ake aika wa, ta zuba saƙon, sannan ta saurari amsa. Amsoshin lambobi ne: wadda ta fara da 4 tana nufin cikas na ɗan lokaci da ya kamata a sake gwadawa bayansa, kamar 421 da ke nuna sabar za ta rufe hanya, wadda ta fara da 5 kuwa ƙi ne na dindindin. Idan sabar ta amsa da 250 bayan ta karɓi saƙo gaba ɗaya, to bisa ƙa'ida ta ɗauki alhakin isar da shi ko kuma sanar da mai shi cewa isarwa ta gagara. Ashe ko a wurin injiniyoyi, sakin saƙo daga hannu ba ya raba mutum da alhakinsa, sai an sami wanda ya amsa cewa ya karɓa.

Malaman fiƙihu, waɗanda suka rayu a zamanin da wasiƙa take yin watanni a cikin ayari, sun bambance abubuwa biyu da mutane suke yawan cakuɗawa. A Mukhtasar na Shehu Khalil, littafin Malikiyya na ƙarni na 14 wanda har yau ake karantawa a zaurukan Kano, an yi bayanin saki ta hanyar rubutu: idan miji ya rubuta da azama, wato niyya yankakkiya, saki ya auku ko da takardar ba ta isa ba, idan kuwa ya rubuta yana cikin shawara da kai-kawon zuciya, to aukuwarsa tana rataye da isar takardar. Wannan ya nuna cewa akwai maganar da take hawa kan mai ita tun daga niyyarsa, kuma yankewar hanya ba ta cece shi daga gare ta. Amma abin da ya shafi haƙƙin wani, kamar ciniki, hukuncinsa daban ne. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa, a zamanta na Jidda a 1990, ta yanke cewa ƙulla ciniki tsakanin mutane biyu da ba sa wuri ɗaya, ta hanyar rubutu ko faks ko kwamfuta, yana tabbata ne idan tayi ya isa ga wanda aka yi wa kuma ya karɓa, sai dai ta ware ɗaurin aure daga wannan hukunci saboda sharaɗin shaidu.

Rahoton wata da takardar neman taki da sakamakon jarrabawar ɗalibai duk suna cikin kashi na biyu, domin haƙƙin wasu ne aka damƙa a hannun mai aikawa, kuma aya ta 58 ta Suratun Nisa'i ta yi umarni da a mayar da amana ga masu ita, ba a ce a tura ta kawai a juya baya ba. Saboda haka kalmar nan ta "babu sabis", wadda ta zama ruwan dare a bakin ma'aikata, ba ta zama uzuri sai bayan an bi magudana. Sau da yawa ma laifin ba na sabis ba ne. Wani lokaci lambar ƙofar da manhaja take bi zuwa sabar ce aka saka ba daidai ba, alhali 587 ko 465 ne ƙofofin aikawa, 993 kuma ta karɓa ta hanyar IMAP, wato ƙa'idar da take barin wasiƙu a kan sabar tana nuna wa mai su kwafi. Wani lokaci agogon kwamfuta ne ya koma shekarun baya saboda ɗan batirin cikinta ya mutu, sai manhaja ta ƙi amincewa da takardar shaidar sabar, tana ganin lokacinta bai yi ba. Wani lokaci kuma hotunan da aka liƙa ne suka yi wa raunannen sabis nauyi, ko kuwa an sauya kalmar sirri a waya an manta da kwamfuta. Dukkan waɗannan sabubba ne da Allah ya sanya a cikin ikon bawa, kuma danganta su ga ƙaddara tun kafin a duba su zalunci ne ga wanda yake jiran saƙon.

Duk da haka akwai yankewar da ta fi ƙarfin kowa, kamar ta ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma har Nijeriya ta ji a jikinta, ko ta shekarar 2021 da hukuma ta rufe layukan sadarwa a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato saboda matsalar tsaro. A irin wannan hali zunubi ya faɗi, tunda ƙarshen Suratul Baƙara ya tabbatar da cewa ba a ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa, amma amanar tana nan a wuya har hanya ta buɗe, ko kuma a buga takardar a hau babur a kai ta da hannu.

Yanayin da ya fi wuya shi ne wanda hulɗa take yankewa a ɗan tsakanin nan, bayan sabar ta karɓi saƙo amma kafin amsarta ta 250 ta dawo. Manhaja ba ta da hanyar sanin ko ya shiga ko bai shiga ba, don haka sai ta sake turawa, wanda ake aika wa ya sami kwafi biyu, matsalar da wani masani mai suna Craig Partridge ya yi rubutu a kanta tun 1988. Masu ƙa'idar sun gwammace saƙo ya isa sau biyu da ya ɓace sau ɗaya, kuma wannan zaɓi ya yi daidai da ƙa'idar malamai cewa nauyin da ya tabbata da yaƙini ba ya sauka da shakka. Ga sakataren da ke Watari, abin da wannan yake nufi a aikace shi ne ya buɗe akwatin wasiƙun da suka fita ya ga tasa a ciki da idonsa, idan kuma takarda ce mai wa'adi, ya kira ofishin da ke Kano ya ji daga bakin mai karɓa cewa ta iso.