Shin Koyar Da Hali Ake Yi, Ko Ɗaukarsa Ake Yi?

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, mu malaman sakandare. Shin hali nagari darasi ne da za a rubuta a allo kamar lissafi, yaro ya kwafa ya haddace, ko kuwa abu ne da yake ɗauka daga jikin na gaba da shi, kamar yadda riga take ɗaukar ƙanshin turaren wuta? Wannan ba zancen majalisar shayi ba ne, domin amsar da aka bayar ita za ta nuna irin mutumin da ya kamata a danƙa wa makaranta da 'ya'yan jama'a.

Hukuma dai ta sha gwada hanya ta farko, wato ta doka da ta darasi. A 1984 gwamnatin soja ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a, ta kuma yi dokar ɗaurin shekara 21 ga mai satar jarrabawa. Daga baya aka shigar da darasin zama ɗan ƙasa nagari cikin manhaja. Muna koyar da shi, ba mu raina shi ba. To amma wane ne a cikinmu bai taɓa kama yaro da takardar satar amsa a jarrabawar wannan darasin na gaskiya da riƙon amana ba?

Bari mu waiwaya Makarantar Midil ta Bauci. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gama Kwalejin Katsina a 1933, ya dawo gida ya kama koyarwa a nan, har ya zama hedimasta a 1941. A 1942 sai aka turo masa wani matashin malami, Malam Aminu Kano, wanda ya fito daga kwaleji ɗaya da shi, bayan an mayar da ita Kaduna a 1938. Ɗaya mai sanyin hali da taka-tsantsan, ɗaya kuwa mai zafi, wanda bai iya ganin zalunci ya kawar da kai ba. Siyasa ta zo ta raba su, wannan ya shiga NPC har ya zama Firayim Minista, wancan kuwa ya ajiye aikinsa na shugaban Kwalejin Horon Malamai ta Maru a 1950 ya rungumi NEPU. Duk da haka, da aka kashe na farkon a 1966, na biyun ya rasu a 1983, abokai da abokan hamayya sun haɗu a kan shaida guda, cewa ba su bar dukiyar da za a nuna da yatsa ba. Gidan Mambayya da ke Gwammaja yana nan, mai shakka ya je ya gani.

Abin lura a nan shi ne, tarbiyya ba ita ce a sa kowa ya yi ra'ayi ɗaya ba, ba kuma ita ce biyayya ido rufe ba. Da biyayya ce kaɗai, da Malam Aminu ya tsufa yana karɓar albashinsa. Yaron da ya zauna a gaban waɗannan mutane biyu bai bukaci a ba shi ma'anar amana ba, yana ganinta tana shiga aji tana fita.

Wani zai ce, ai hali zanen dutse ne, kuma waɗancan makarantu ƙanana ne, an tsamo ɗalibansu ɗai-ɗai, Turawa kuma don bukatar mulkinsu suka kafa su. Gaskiya ne, ba mu musa ba. Shugaban da yake da aji mai yara casa'in, rabinsu a ƙasa, ba zai san sunan kowa ba, balle halinsa. Sai dai su yaran sun san nasa. Sun san lokacin da yake isowa, sun san inda kuɗin alli yake tafiya, sun san ɗan wanda ake buga da ɗan wanda ake ƙyalewa. Ido dubu ne a kansa, kuma babu wanda yake gyangyaɗi a wannan darasin.

Mu ma mun yi namu shugaban, Allah Ya jiƙansa. Kullum yana bakin ƙofa kafin a buga ƙararrawa, ba bulala a hannunsa, amma malamin da ya makara ya fi yaro jin kunya. Wata shekara ɗan wani babba a garin ya faɗi jarrabawar ƙarin aji. Da magariba sai ga mota da buhun shinkafa da rago a ƙofar gidansa. Ya sa mu, 'yan kwana, muka mayar da kayan cikin motar, ya ce da direban: "Ka gaishe da Alhaji, ka ce yaron zai maimaita, ni da kaina zan riƙa duba shi." Kafin zangon ya ƙare aka yi masa canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye mai nisa. Wanda ya gaje shi kuwa ya ɗaga yaron.

Ba za mu yi ƙarya mu ce duk waɗanda suka ɗauki buhun nan sun zama salihai ba. Da yawanmu mun zama malamai, kuma lokacin jarrabawar fita an sha miƙo mana ambulan. Wasu sun ƙi, wasu sun karɓa. Bara, wajen taron tsofaffin ɗalibai, wani daga cikin masu karɓar ya ja mu gefe ya ce shekara ashirin ke nan bai taɓa sa ambulan a aljihu ba face sai ya ji nauyin buhun nan a kafaɗarsa, kuma bana ya roƙi a cire sunansa daga masu sa ido a ɗakin jarrabawa.