Maganin Yaro Marar Lafiya: A Wuyan Wa Yake?

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai rayawa, Mai kashewa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, duk wanda ke halartar sallar jana'iza a Tirmini da ƙauyukan da ke kewaye da ita ya san cewa daga watan Agusta zuwa Oktoba ƙananan likafani sukan yawaita. A lokacin nan ne masassarar cizon sauro take tsananta, kuma farkonsa yakan tarar da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai iso gida ba. Cuta takan zo wa magidanci a daidai ranar da hannunsa ya fi zama wofi. Saboda haka muka ga ya dace mu tsaya a kan wata tambaya: idan yaro ya kwanta ciwo, uban ba shi da abin biya, a wuyan wa maganinsa yake?

Bari mu fara tuna yadda al'amarin ya gudana a ƙasarmu. Bayan yarjejeniyar Bamako ta 1987, ƙasashen Afirka da yawa, har da Nijar, suka ɗauki tsarin da marar lafiya zai biya wani abu a likita, domin a riƙa sabunta magani da kuɗin. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, magungunan da ake shigowa da su suka yi tsada. Iyaye mata da yawa suka koyi jira: a jira kwana biyu ko zafin jikin zai sauka, a jira ranar kasuwa a sayar da akuya. Sau da yawa jiran nan ya fi ƙarfin jariri.

A 2006, zamanin Shugaba Mamadu Tanja, gwamnati ta ɗauke kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara biyar. Tsarin shi ne likita ta duba yaro ta ba shi magani, ta rubuta takardar kuɗin, takardar ta bi matakai har Yamai, baitulmali ya biya, likita ta sake sayo magani. Binciken da aka buga a mujallar Lancet a 2012 ya nuna cewa mutuwar yara ƴan ƙasa da shekara biyar a Nijar ta sauko daga 226 cikin 1000 a 1998 zuwa 128 a 2009, kuma ya ambaci ɗauke kuɗin nan cikin dalilan saukowar, tare da gidajen sauro da kula da masu tamowa. To, amma biyan ya riƙa yin jinkiri, bashi ya taru a kan gwamnati har biliyoyin sefa. Inda aka daɗe ba a biya ba, ma'ajin magani ya bushe, uwa ta koma gida da takardar sayen magani a hannu. A 2024 kuma hukuma ta rage rabin kuɗin da ake biya a asibitocin gwamnati.

Shari'a ba ta bar mu cikin duhu ba game da asalin mas'alar. Ɗawainiyar yaro tana kan mahaifinsa tun farko, gwargwadon ikonsa. Wanda ya samu kuɗin ƙara aure ko na hidimar biki, sa'an nan ya ce ba shi da na kai ɗansa likita, ya ci amanar da Allah ya ba shi. Amma idan uba ya gaza da gaske, haƙƙin yaron ba ya faɗuwa. Yana komawa kan dangi masu hali, da baitulmali, da jama'ar Musulmi. Malamai sun lissafta kiyaye rai cikin manyan abubuwa biyar da shari'a ta zo domin tsare su, kuma ceton wanda ke gab da halaka farilla ce ta kifaya: idan wasu suka yi an ɗauke wa saura, idan kowa ya bari kowa ya yi laifi.

Malaman tarihi sun ruwaito cewa wani dare Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya yarda da shi, yana gadin wani ayari da ya sauka a Madina tare da Abdurrahman ɗan Aufu, sai ya ji kukan jariri ya ƙi ƙarewa. Da ya matsa wa uwar da tambaya, ba tare da ta san ko wane ne ba, ta gaya masa tana tilasta wa yaron yaye ne tun lokaci bai yi ba, domin Umar ba ya yanka wa yaro rabo daga baitulmali sai an yaye shi. Da asuba ya yi salla da mutane kuka yana rinjayar karatunsa. Bayan sallama ya sa aka yi shela cewa kada kowa ya gaggauta yaye, daga yau kowane jariri yana da rabonsa tun ranar haihuwa, ya kuma aika da wannan umarni zuwa sauran garuruwa.

Abin lura a nan shi ne, da Umar ya ji dalilin matar, sai ya tuhumi kansa da dokar da ya kafa. Ya gane cewa ƙa'idar da ta yi daidai a lissafi tana iya tura uwa ta cutar da ɗanta. Kuɗin da ake tsayar da uwa a kansa a ƙofar likita irin wannan ƙa'ida ce.

Akwai masu cewa abin kyauta yana lalata iyaye, ya sa su yi sakaci. Muna amsa musu cewa sakacin uba laifin uba ne, kuma ba a hukunta jariri da laifin wani. A yi wa uban wa'azi, a kuma yi wa yaron magani. Akwai masu cewa baitulmali ba shi da ƙarfi, ga tsaro, ga makarantu, ga hanyoyi. Wannan magana ce mai nauyi, ba mu raina ta ba. Sai dai idan dukiya ta yi kaɗan, ana gabatar da abin da ba ya jira. Hanyar da ba a gina bana ba ana iya gina ta baɗi, yaron da masassara ta shanye wa jini kuwa kwanakinsa ƙidayayyu ne. Akwai kuma masu cewa ajali ba ya wuce lokacinsa. Gaskiya ne, amma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi magani, ya kuma yi umarni da a nemi magani. Manomin da ya yi imani da ƙaddara bai taɓa fasa shuka ba.

Ga masu mulki, nasiharmu ita ce a ci gaba da ɗauke wa yara kuɗin magani, a ware masa kasonsa cikin kasafin kowace shekara, a biya likitoci a kan kari. Alkawarin da aka yi shelarsa ya zama bashi, kuma addini ya ƙidaya jinkirin mai hali wajen biyan bashi cikin zalunci. Kyautar da ba a biya ba tana jefa malamin asibiti tsakanin umarnin hukuma da ma'aji wofi, har uwa ta zarge shi da cin abin da bai taɓa shigowa hannunsa ba.

Ga ma'aikatan lafiya, su ji tsoron Allah cikin abin da aka danƙa musu. Maganin da aka kawo domin yara, ko abincin masu tamowa, idan ya ɓulla a kasuwa, wanda ya fitar da shi da wanda ya saya yana sane duk sun ci haram, ko da uwar yaron ce ta sayar.

Ga mu jama'ar masallatai kuma, akwai abin da ke hannunmu. Mu kai yaro likita tun ranar farko ta zazzaɓi. Mu karɓi maganin rigakafin masassara da ake rabawa gida gida lokacin damina, mu cika kwanakinsa. Kowane masallaci yana iya buɗe ƙaramin asusu a hannun amintattu biyu ko uku, domin kuɗin motar kai yaro babban asibitin Damagaram idan an tura shi can, tun da kyautar hukuma ba ta ɗauke wa uba kuɗin abincin jinya da na zama a birni. Mudu ɗaya na hatsi daga kowane gida lokacin kaka ya isa a fara.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan yaran da suka riga mu, ya sa su zama masu ceton iyayensu. Ya shiryi shugabanninmu ga cika alkawari, ya sa mu dace. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.