Sai da Ruwan Ciki Ake Jan na Rijiya

Ina kyautata zaton wanda ya fara furta wannan karin magana mutumin tudu ne. Mutumin Haɗeja ko Auyo, wanda kogi ke ratsa bayan gonarsa, ba shi da dalilin da zai sa ya zauna yana nazarin wahalar jan ruwa. Mu kuwa a ƙasar Gumel, tun daga Gagarawa da Sule Tankarkar har Maigatari da ke bakin iyakar Nijar, ba mu da kogi. Rairayi gare mu, da damina gajera, da rijiya mai zurfi wadda in ka leƙa sai ka hango ruwan can ƙasa kamar idon kyanwa. Duk wanda ya taɓa jan wasaki da bazara, rana tsaka, ya san abin da ake nufi. Mai ƙishirwa ba ya fito da guga cike. Hannu zai yi rawa, igiya ta goge masa tafi, guga ya koma inda ya fito. Sai ya jiƙa maƙoshi tukuna, sannan ya nemo abin sha.

Yawanci a kan kuɗi ake kawo maganar: mai jari shi ke cin riba, mai abin hannu shi ake ba rance. Gaskiya ne. Abin da ke damuna shi ne yadda wasu ke faɗin ta don su yanke wa talaka ƙauna, kamar a ce wanda ba shi da shi ya haƙura ya koma gefe. Magabata ba su ce sai da randa ake jan na rijiya ba. Ruwan ciki suka ce, shi kuwa moɗa guda ma ta isa.

A wani lambun haɗin gwiwa na fahimci haka. Lambun yana bayan wani ƙauye da ke kan hanyar Gumel zuwa Maigatari, galibin masu shi mata ne, sai 'yan samari da ke taya su aikin ƙarfi. Fili ne da mai gari ya ba su aro, suka kewaye shi da ƙaya da karan dawa saboda awaki. Kowace mace da kwaminta: wannan alayyafo da rama, waccan tumatir da attaruhu, wata albasa da salak, zogale kuma ya bi gindin shinge ya zagaye. Ran Alhamis da yamma, bayan an taso daga kasuwar Maigatari, suke zama ƙarƙashin darbejiya a yi zubi. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma da su ake sayen iri, a sake igiyar rijiya in ta tsinke, a zuba wa inji mai. A wurin zaman nan ne kuma ake jin wadda ta haihu, da wadda mijinta ya tafi ci-rani bai aiko ba, da wadda za a je wa gaisuwa. Rabin zaman lambu ne, rabi zumunci.

Wata safiya da hunturu na tarar da su a bakin tafkin da ke riƙe ruwan damina na 'yan watanni kafin ya ƙafe. Wani yaro yana ta fizgar igiyar injin ban ruwa, inji na ruri, tiyo a bushe. Shugabarsu, dattijuwa ce mai 'yar sanda, ta matso ta ce masa, "Kai ɗan nan, ka shayar da shi kuwa?" Ya ce, "Na manta, Inna." Ta sa ya kwance murfin saman injin, ya ɗura masa ruwa da buta har ya cika, ya ɗaure. Fizga ɗaya, tiyo ya kumbura, ruwa ya kama hanyar kwami. Ga tafki shimfiɗe a gabansa, amma ƙarfe ma bai ja ba sai da aka ba shi na ciki. Ruwan buta ɗaya tak.

Da wannan idon nake kallon ayyukan dashen itatuwa da ke zuwa mana daga waje. Tun bayan farin 1973 da na 1984 ake ta maganar hamada a arewacin ƙasar nan. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin kafa ganuwar itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti, Najeriya ta kafa wa shirin hukuma a 2015, Jigawa kuma tana cikin jihohi 11 da aikin ya shafa. Niyya ce mai kyau, ina kuma yi mata fatan alheri. Sai dai dashe ba ya gama aiki ran da aka fitar da shi daga leda. Yana son ruwa a bazararsa ta farko da ta biyu, yana son wanda zai kore masa akuya, wanda zai gyara masa ƙaya in iska ta kwashe. Inda baƙo ya tarar da mutane sun riga sun saba haɗa kai, da asusunsu da ranar zamansu, rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana takan zama arziki. Inda kuwa aka haɗa ƙungiya da safe don an ji za a raba kaya da yamma, na sha ganin yadda ake ƙarewa: famfo ya lalace a kan ɗan ƙaramin gyara, kowa na jiran wanda ya kawo shi ya dawo.

Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna wani fannin na maganar. A yankin Maraɗi, daga 1983, wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan tsirrai da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyayi ba ne, tohon kututturan itatuwa ne masu rai, da saiwarsu a can ƙarƙashin ƙasa. Manoma suka riƙa barin reshe biyu ko uku masu ƙarfi, suna datse sauran. Ba leda, ba ban ruwa. Da wannan dabara aka farfaɗo da fili kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Wanda ya tsallaka Maigatari ya nufi wajen Magarya da Matamaye zai ga gonaki cike da gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana da taki, ya kuma ba dabbobi 'ya'yansa da rani. Ashe ƙasar da aka ɗauka ta mutu tana riƙe da nata ruwan cikin.

To, wadda ba ta da ko moɗa gudan fa? A lambun nan akwai wata matashiya da mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku. Makonni suka wuce ba ta yi zubi ba, har wasu suka fara gunaguni cewa a karɓe kwaminta a ba wata. Tafki ya riga ya ƙafe, an koma jan guga, aiki ya yi tsanani. Dattijuwar ta saurare su har suka gama, sannan ta juya wajenta ta ce, "'Yata, kina iya riga kowa zuwa rijiya?" Ta ce, "Ina iyawa, Inna." Aka rubuta mata jan ruwan asuba a madadin zubi, har Allah ya hore mata.

Da na koma wurin gab da faɗuwar ruwa, ita na fara tararwa, gari bai gama wayewa ba. Ta kafa ƙafa ɗaya a kan itacen bakin rijiya tana ja, babbar 'yarta na karɓar guga tana juyewa a bokiti. Kusa da su, a inuwar shinge, ga 'yan ledoji jere da dashen zogale da darbejiya da take renowa, tana jiran ƙasa ta jiƙa ta kai su kasuwar Alhamis.