Adon 'Yan Rawar Tamil Nadu da Bashin da Ke Cikinsa

Mu da muka tashi da kallon finafinan Indiya, da wuya a ce ba mu taɓa ganin mai rawar Bharatanatyam ba, rawar gargajiyar jihar Tamil Nadu da ke kudancin ƙasar. Kafin ta motsa ƙafa adonta ya riga ya ɗauke mana ido: sarƙar goshi mai bin tsagar gashi, siffar rana a gefen dama na kai da ta wata a hagu, 'yan kunnen jimikki masu kama da ƙaramar laima, ɗamarar ƙugu da suke kira oddiyanam, sai jerin ƙananan ƙararrawa a idon sawu, wato salangai. Maƙeran unguwar Vadasery a garin Nagercoil sun yi suna wajen ƙera irin wannan kaya: azurfa ce a ciki, a lulluɓe ta da zinare, a dasa jajayen duwatsu. Sunansa adon haikali, domin asalinsa gumakan haikali ake yi wa ado da shi, daga nan ya kai ga matan da ke rawa a gabansu.

Waɗannan mata su ne devadasi, waɗanda ake sadaukarwa ga haikali tun suna yara. Su suka riƙe rawar, a lokacin ana kiranta sadir, uwa na miƙa wa 'ya tsawon ƙarnoni. A zamanin mulkin Ingila 'yan boko da masu neman gyara suka fara kallonsu a matsayin abin kunya. Likita Muthulakshmi Reddy, wadda mahaifiyarta daga cikin wannan al'umma ta fito, ta jagoranci yaƙi da al'adar, har a 1947 dokar lardin Madras ta haramta sadaukar da 'yan mata. A ɗaya gefen kuma, Rukmini Devi Arundale, 'yar gidan Brahmin, ta kafa makarantar Kalakshetra a 1936, rawar ta koma ɗakunan taro, 'ya'yan manyan gidaje suka fara ɗaura salangai.

Ga inda tambayar take. Rana da watan da ke kan mai rawa ba su canza ba, ƙararrawar ma ita ce dai. A jikin devadasi mutane sun ga zubar da mutunci, a jikin 'yar masu hali sun ga al'adar ƙasa. To ina darajar take zaune? Idan a cikin kayan take, ai tun farko tana nan, mun ƙi gani ne. Idan kuma mai sanyawa ke ba kaya daraja, ke nan asalin mutum muke yi wa tafi, muna cewa fasaha ce ta burge mu.

Kada mu yi saurin yanke hukunci. Yarinyar da aka ba haikali tana ƙarama ba ta zaɓi rayuwarta ba, kuma dokar da ta hana hakan ta yi gaskiya. Da rawar ba ta sami sababbin masu riƙo ba, wataƙila da ta dusashe. Sai dai ceton yarinya daban, raba iyayenta da sana'arsu da sunansu daban. Gidaje da yawa sun rasa abin dogaro, kaɗan ne irin Balasaraswati, wadda ta rasu a 1984, suka ci gaba da rawa da sunan gidansu har duniya ta san su.

Mun san ba a raba gado sai an biya bashin mamaci. Duk wanda ya gaji kyakkyawan abu daga hannun waɗanda aka wulaƙanta, ya gaje shi da bashi. Biyan ba ya nufin a cire adon a mayar akwati. Ana biyansa ne da ambaton sunan masu shi lokacin da ake koyar da yara, da buɗe wa jikokinsu fagen rawa, da biyan maƙerin Vadasery kuɗin da ya dace da aikinsa.

'Yan rawar suna da wata ɗabi'a: kafin su ɗaura salangai sukan taɓa shi a idanunsu don girmamawa. Mai girmama ƙararrawa haka, bai kamata ta manta da ƙafafun da suka fara kaɗa ta ba. Mu masu kallo ma, in muka sake ganin wannan ado a allon waya, ya kamata mu tambayi wa ya fara sanya shi da kuma yadda ya ƙare.